Tuntuɓe Biyu a Cikin Yatsan Teku

Baba Janos ne ya lasa, kuma tun kafin ya mayar da harshensa baki na san an samu matsala.

Ranar bikin ofal ce, dutsen nan mai daraja da garinmu ke haƙa, duk Dunarra ta taru a Rumfar Maza. Sunan ke nan, amma mu mata mun daɗe da cinye rabin kujerun, ni ce ma shugaba, ni Glenys mai gasa burodi. Sau ɗaya a shekara muke buɗe akwatin gilashi mu fito da Yatsan Teku, mu miƙa wa wanda ya fi kowa tsufa cikin masu haƙa, ya lasa ya ɗaga sama. Duk mai haƙar ofal haka yake yi wa dutse, sai an jiƙa shi da yawu wutar da ke ciki take tashi. Shi kuwa Yatsan Teku ƙashi ne na wata dabbar ruwa, tun zamanin da hamadar nan tamu take ƙarƙashin teku, ya kwanta cikin ƙasa har ya rikiɗa ya zama ofal. Tsawonsa bai wuce yatsana ba. Amma idan aka jiƙa shi aka ɗaga, sai ka ga kore da shuɗi da ja suna guje-guje a ciki, ɗaki ya yi tsit, har mashaya su sauke kwalba. Shekara da shekaru ina ganinsa, kuma kullum sai tsigar jikina ta tashi.

Baba Spiro Kalogeras ne ya haƙo shi yana saurayi, ya ba gari kyauta, kuma shi ke lasa tun da aka kai Baba Janos gidan tsofaffi a birnin Adelaide. To bana sai ga jikokin Janos sun turo shi a keken guragu ba tare da sun gaya wa kowa ba, wai yana so ya ga gari kafin ya mutu. Ya girmi Spiro, babu gardama, don haka shi na miƙa wa.

Ya lasa, ya tsaya, ya sake lasa.

"Wannan ba shi da sanyi," in ji shi. "Roba ce."

Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa sai ya kai baki, har da masu haƙoran roba. Babu wanda ya musa. An goge shi sumul, an shafe shi da ɓarɓashin ofal na gaske a ƙarƙashin wani ruwan gam mai sheƙi, ta bayan gilashi ko uwarsa ba za ta gane ba. Sai na ga kawuna suna juyawa zuwa teburin ƙarshen ɗaki inda firintocin nan biyu suke, daga can kuma suka juyo kan Branko.

*

Firintocin ba na takarda ba ne, masu buga kaya ne. Suna narka zaren roba su shimfiɗa shi layi kan layi har abu ya tashi tsaye. Wani kanti a birni ya ba mu aron biyu mu gwada, mu zaɓi ɗaya, motar kaya ta ranar Asabar ta koma da ɗayar. Mai tsadar muka sa mata suna Gimbiya, tana zaune cikin akwatinta na gilashi, nauyinta sai mutum biyu, tana aiki shiru, abin da ta fitar kuwa kamar an zuba shi a kwano. Mai arhar ƙarafa ne tsirara, da hannu ɗaya ake ɗaukarta, kukanta kamar keken ɗinki, ita ce Ƙwarangwal. Kuɗin Gimbiya ɗaya zai cika bayan akori-kura da irinta.

Kai, na sha rigima a kan injinan nan. Lofty Hargreaves, wani dogon mai haƙa da baki kamar rediyo, shi ne jagoran Ƙwarangwal. Hujjarsa ita ce idan Gimbiya ta yi tari sai an kai ta birni, ita kuwa tasa da filaya da guntun waya za a ɗaure ta ta ci gaba. Branko Matijevic shi ke bayan Gimbiya, shi kaɗai ya zauna ya koyi sarrafa ta, shi ya san lambar sirrinta. Nakiya ta cinye masa yatsu uku na hannun dama, kuma yana fata Gimbiya ta buga masa wasu masu laushi da za su lanƙwasa. Don ya burge mu har ya ɗauki hoton Yatsan Teku ta kowane gefe da wayarsa, ya sa siffar a cikin injinan biyu, ya ce ranar zaɓe zai buga a kowace mu ga bambanci da idonmu. A gaban kowa ya bugi ƙirji ya ce Gimbiya za ta yi wanda ko Baba Spiro ba zai gane ba.

Wannan maganar ce ta kama shi, ita da wani tsohon tabo. Yana matashi an taɓa kama shi cikin ramin wani yana kwasar dutse. A nan irin wannan mutumin ɓera muke ce masa, kuma babu sunan da ya fi shi muni. Ya yi zaman gidan yari, ya dawo, ya tsufa a cikinmu bai sake ɗaukar ko allurar wani ba. Amma ashe sunan yana ajiye, ba a jefar ba.

Washegari da safe ya tarar da mataccen ɓera rataye a ƙofarsa, tayoyin motarsa a farke. Maza suka aika masa cewa motar Asabar za ta ɗauki inji ɗaya da mutum ɗaya. Branko ba shi da kowa a ko'ina, duk abin da ya mallaka gidansa ne na ƙarƙashin ƙasa, irin na garin nan, sai kuma mu. Na buga wa ɗan sandanmu waya, yana can wani gari mai nisa a kan hatsarin mota, ya ce shi ma da yana nan Gwaggo Merle zai nema. Na kashe tanda, na zuba burodin nama a kwali, na tafi.

*

Gwaggo Merle mai bin sawu ce, kuma ba ta ɓoye cewa babu kamarta. Mutanenta ne masu ƙasar nan tun kafin a haƙa rami ɗaya. Ta nemo yaran da suka ɓata, ta nemo 'yan yawon buɗe ido da suka bar mota suka shiga daji da kwalbar ruwa ɗaya, yanzu kuma tana bin kyanwoyin daji wa hukumar gandun daji. Na same ta tana wanke tarko. Ta cinye burodi biyu kafin ta karɓi robar, ta juya ta, ba ta lasa ba, ta ce yawun rabin gari yana kai, ita ba ta gaji da rayuwa ba tukuna.

Ta tambaye ni wa ke riƙe da mabuɗin akwatin gilashi. Na ce yana rataye bayan gwangwanin shayi. Ta tambayi wa ya sani. Na ce kowa. Ta dube ni har sai da na ji kunya, sannan ta ce in tayar da mota.

Gidan Branko muka fara zuwa. Mun same shi ya riga ya fara ɗaure kaya a kwali, ɓeran ma bai cire ba. Na fizge shi na jefar, raina ya ɓaci ƙwarai da ganin dattijo yana naɗe kofuna a jarida da yatsu biyu. Ya ce bai buga komai ba, siffar kawai ya sa. Gwaggo ba ta ce masa ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta tambaye shi ko ya san ana lasar dutsen ranar biki. Ya ce haba Gwaggo, wa bai sani ba, tun yana da yatsu goma yake kallo.

A mota ta ce wannan shi ke damunta. Duk ɗan gari ya san ranar biki harshe zai taɓa dutsen, to wane wawa ne zai ajiye roba ya zauna yana jira? Na ce wataƙila baƙo ne. Ta ce baƙo bai san bayan gwangwanin shayi ba.

Lofty muka samu a mashaya yana ba da labarin yadda tun farko shi ya san za a yi haka. Ya ce aiki mai sumul irin wannan sai Gimbiya, Gimbiya kuwa mutum ɗaya take jin maganarsa, shi ke nan an gama. Gwaggo ta tambaye shi ko ya taɓa kai Ƙwarangwal gida. Ya ce sosai, kamar kowa, ai amfaninta ke nan, ana ɗauka a kwana da ita a dawo. Gaskiya ne, injin nan ya zaga gari kamar tukunyar aro. Ni na buga abin yanka biskit, Lofty ya buga murfin tankin mai, malamar makaranta ta buga kwaɗi, Baba Spiro ma ya sa an kai masa ya buga mariƙin sanda. Babu wanda ya iya tuna wa ya riga wa.

Baba Spiro kuwa a bakin coci muka tarar da shi zaune a inuwa. Tun ranar biki bai ce uffan ba, kowa ya ɗauka baƙin ciki ne, ni ma haka. Gwaggo ta yi masa jaje, ta miƙa masa shayi daga butarta. Ya kai hannu ya kama iska a gefen kofin, sannan ya lalubo shi. Ya ce ido ne, ya fara tafiya, na hagu ya riga ya tafi, likita ya ce na dama ma yana kan hanya. Da na ambaci Branko sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta.

*

Da muka koma Rumfa sai Gwaggo ta ce a kunna mata injinan biyu. Na ce me za ta yi da su. Ta ce ita ba ta bin sawun dabbar da ba ta taɓa ganin tafiyarta ba. Muka ɗauko Branko ta ƙofar baya ya sa wa kowace zaren roba mai haske kamar ruwa, irin na jabun, ya ce su buga ɗan ginshiƙi.

Ta ja kujera ta zauna, haɓa a kan tebur. Ni dai na sha ganin injinan suna aiki amma ban taɓa zama na kalla ba, kullum ina raba faɗa. Ranar na kalla. Ɗan bakin ƙarfe yana zagayawa a kan faranti babu komai, ya bar zare siriri kamar gashi, ya hau kansa ya sake barin wani. Ba ka ganin lokacin da yake girma, sai dai ka ɗauke ido ka dawo ka tarar da abu tsaye inda da iska ce kawai. Gwaggo ta ce a hankali, kamar mai magana a coci, haka ƙasar nan ta yi kanta, laka kan laka, har ta rufe dabbar nan, sai dai ita ba ta gaggawa. Mu uku muka zuba ido, shayi ya huce ba wanda ya sha.

Can sai ta ɗaga hannu ta daki tebur da ƙarfi. Na kusa faɗuwa daga kujera. Ta bari aka ɗan jima ta sake duka, sannan ta naɗe hannu har injinan suka gama.

Ta kwashi ginshiƙan biyu da jabun Yatsan ta fita waje, ta ɗaga na Gimbiya saitin rana. Tas yake daga ƙasa har sama, nauyin injin ya shanye dukan. Ta ɗaga na Ƙwarangwal, sai ga layi biyu a ciki sun goce daga 'yan'uwansu, daidai inda ta daki tebur. Ta ce nan ta yi tuntuɓe, nan ma ta yi. Sannan ta ɗaga jabun ta ce in sa ido kusa, in duba tsakanin ɓarɓashin.

Sai da na daɗe kafin na gani. A can ciki, wajen tsakiya, layi biyu sun goce, kusa da juna kamar gira da ido.

"Ya share sawun waje, ya goge har ya yi sheƙi," in ji ta. "Na ciki hannunsa bai kai ba. Wannan ba 'yar Gimbiya ba ce, Branko. Zauna kafin ka faɗi."

Branko ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannunsa mai yatsu biyu. Ni kuwa na tsaya riƙe da robar ina mamakin yadda abu marar rai ya riƙe labarin abin da ya same shi, ya jira mai iya karantawa.

Amma Gwaggo ta ce kada mu yi murna tukuna, don maza za su ce Branko ma yana da hannun ɗaukar Ƙwarangwal. Sai an san a gidan wa ta yi tuntuɓen. Ta ce tebur ba ya girgiza haka kawai a gidan ƙarƙashin ƙasa, sai an tayar da nakiya kusa. To wa ke tayarwa sau biyu a jere? Ban bari ta rufe baki ba na ce Lofty. Duk garin nan kowa sau ɗaya yake tayarwa ya jira ƙura ta kwanta, shi kaɗai ne yake tayar da ɗaya, ya sha taba, ya tayar da ta biyu, wai ta farko gaisuwa ce.

Na so in tafi mashaya a lokacin in shaƙe shi da murfin tankinsa. Gwaggo ta riƙe mini riga ta tambaye ni ina Lofty yake kwana. Na ce bayan mashaya. Ina raminsa? Na ce can Tsohon Fili, bayan gari. Ta ce to inji yana gidansa a gari zai ji nakiyar da ke Tsohon Fili? Kuma yana riƙe da wayar nakiya yana tayarwa, yana kuma gadin inji? Ta ce in je in yi barci, gobe da sassafe in zo da burodi.

*

Rana ba ta gama fitowa ba muka isa Tsohon Fili. Wuri ne da kowa ya watse ya bari, sai tulin farar ƙasa ko'ina da ramuka a rufe da kwano. Injin haƙar Lofty yana tsaye a bakin raminsa. Gwaggo ta sa na ajiye mota nesa, ta cire takalmi, ta shiga gaba, ta ce in taka inda ta taka.

Ni ƙasa kawai nake gani. Ita kuwa tana tafiya tana faɗa kamar mai karanta jarida, nan ƙadangare ya wuce jiya da yamma, nan Lofty ya tsaya ya yi fitsari, Allah ya shirye shi. Ta bar ramin Lofty a baya ba ta ko kalle shi ba. Sai ta tsaya a kan wata siririyar hanya da ni ban gani ba sai da ta zana ta da yatsa. Takalmin mutum ɗaya, ta ce, gajeren taku, da ɗigon sanda a dama, sandar tana laluben gaba kafin ƙafa ta bi. Hanyar ta fito daga wata ƙofa a jikin tudu, jifa ɗaya daga ramin Lofty, ta hau wani tulin ƙasa.

Na san ƙofar. Gidan mutum ɗaya ne ya rage a Tsohon Fili, ya ƙi tashi tun da matarsa ta rasu.

Muka hau tulin. A sama akwai wurin da zama ya lotsa ƙasa, yana fuskantar gabas. Gwaggo ta durƙusa ta nuna mini tsofaffin sawu a ƙarƙashin sababbi, ta ce kullum da safe yake hawowa, ya daɗe yana yi, tun kafin biki, kuma ko bayan biki bai fasa ba. Ta nuna inda gwiwar hannu take dafa ƙasa, hannun dama a ɗage kusa da fuska. A gaban wurin zaman kuma ƙasa ta yi 'yan ƙuraje, inda ɗigon ruwa ya sha faɗuwa ya bushe.

Na ce yawu ne, na lasar dutse.

Ta ce wasu yawu ne. Wasu kuwa biyu-biyu suke faɗuwa, ɗaya a kowane gefe.

Daidai nan rana ta ɓullo ta bayan tuddai, duk farar ƙasar ta koma ja. Muka ji ƙarar sakata a ƙasa. Gwaggo ta ja ni muka sauka ta bayan tulin muka koma mota. A hanya ta ce yanzu ta samu amsar abin da ya dame ta: wanda ya ajiye roba bai ji tsoron harshe ba, don ya ɗauka harshensa ne zai taɓa ta. Baba Janos ne ya ɓata lissafi da kekensa.

*

Ranar Juma'a da la'asar na tara su a Rumfa, na ce zaɓen inji za a yi. Aka cika. Branko ya zauna shi kaɗai a layin baya, kujerun gefensa babu kowa. Lofty yana gaba, Baba Janos a kekensa, Baba Spiro a bakin ƙofa da sandarsa mai sabon mariƙi.

Gwaggo Merle ta sa aka buɗe taga ta yamma, ta jera ginshiƙan da jabun a hasken, ta kira maza ɗaya bayan ɗaya su leƙa. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna leƙen dutse a rana ba sa buƙatar dogon bayani. Na ga fuskokinsu suna sauyawa. Da ta zo kan nakiya biyu sai ɗaki ya juya kan Lofty, ya miƙe yana rantsuwa da kabarin uwarsa, fuska ta yi fari. Ta bar shi ya ɗanɗana kaɗan, da gangan, sannan ta ce ya zauna, shi dai ya girgiza ƙasa ne, teburin na maƙwabci ne.

Ba ta faɗi suna ba. Ta ce ta san ƙofar, ta san tulin da ake hawa da safe, kuma ta fi so mai shi ya faɗa da bakinsa. Ta zuba shayi ta ce za ta jira har ta shanye.

Ba ta kai rabi ba muka ji sanda tana laluben ƙasa. Baba Spiro ya zo har gaban tebur, ya sa hannu cikin riga ya fito da wata tsohuwar safa, ya zazzage ta a tafinsa. Ya kai baki ya lasa, ya ɗaga cikin hasken taga. Wutar ta tashi, kore da shuɗi da ja, har a bango. Duk fushin da ke ɗakin sai da ya dakata, babu wanda ya yi motsi.

Ya ce ta bayan gilashi ya daina ganin komai sai farin abu. Sai ya jiƙa shi ya kawo dab da idon dama, da rana ta safe, sannan yake ganin launi, shi ma kullum raguwa yake. Ya ce niyyarsa idan idon ya rufe gaba ɗaya ya mayar da shi bayan gilashi, babu wanda zai sani. Maɓalli ɗaya ya danna injin ya yi sauran, gugar kuwa aikinsa ne tun yana yaro, ko a duhu zai yi.

Branko ya taso daga baya. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka ji abin da suka rataya mini a ƙofa?"

"Na ji."

"Ka ji gobe za su sa ni a mota?"

"Na ji, Branko. Kullum sai in ce bari in ƙara safiya ɗaya."

Na so in tsani tsohon nan, na kasa, kuma na kasa yafe masa. Branko ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ya zauna. Maza kuwa kowa ya samu abin kallo a kan takalminsa.

Na ce tun da an taru, a yi zaɓen. Masu son Gimbiya su ɗaga hannu. Sai ga hannun Lofty a sama kafin na kowa, yana kallon rufi, yana gunaguni wai mutum yana buƙatar yatsu masu lanƙwasa, ba wani abu ba. Hannuwa suka bi shi, har waɗanda na tabbata sun san inda aka samo ɓeran nan.

"Ku sauke," in ji Branko. "Ku mayar da ita birni. Da ita aka yi aikin nan da gobe ina cikin mota, don ba ta barin sawu. Ku bar mini mai tuntuɓen."

Babu wanda ya yi gardama. Ni kuwa jinina yana tafasa har lokacin, na je bayan gwangwanin shayi na ciro mabuɗin akwatin gilashi, na ratsa tsakiyarsu na danƙa shi a hannun Branko, na ce daga yau a wuyansa zai kwana, duk wanda bai yarda ba ya nemi wani wurin sayen burodi. Ya juya mabuɗin ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce jiya ɓera, yau mai gadi. Ya karɓi dutsen daga hannun Spiro, ya mayar da shi, ya kulle, ya fita ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Motar Asabar ta tafi da Gimbiya ita kaɗai. Ƙwarangwal ta buga wa Branko yatsunsa, masu tauri, masu gurje-gurje kamar bayan kifi, ba sa lanƙwasawa sai ya tura su da ɗayan hannun. Ya ce ba laifi, ba sa sakin abu. Lofty ya saya masa tayoyi ya ajiye a ƙofa kamar ba shi ba.

Ban taɓa jin Branko ya ce ya yafe ba, kuma ban tambaye shi ba. Sai dai ni ina tashi da asuba saboda tanda, kuma ba a yi mako ba na fara ganin motarsa tana tsayawa a Rumfa, ta wuce Tsohon Fili, ta dawo bayan hantsi. Ranar farko na leƙa akwatin gilashi na tarar da shi wayam, na ja ƙofa na koma kan burodina.

Gwaggo Merle ta bi ta wurin kwanan baya wajen duba tarkunanta. Ta ce sawu biyu ne yanzu suke hawa tulin, ɗaya da sanda, ɗayan yana manne da shi ta gefen hagu, wajen idon da ya riga ya mutu.